Kayan Ƙari na Tantin Saman Mota: Waɗanda Suka Ci Kuɗinsu da Waɗanda Suka Zame Min Kaya

Da abu biyu kawai tantin saman mota ya fi tantin ƙasa: sauri da tsayi. Ka tsayar da mota, ka zuge murfi, ka ja tsani, kafin minti biyar ɗakin kwana ya tsaya da ƙafarsa, kuma kana can sama inda taɓo da ƙwari da masu jan ciki ba su kai ba. Ban da wannan, tantin ƙasa ya doke shi ta ko'ina. Ya fi faɗi, ya fi sauƙin ɗauka, ya fi araha, kuma ba ya ɗaure maka mota wuri ɗaya. Shi ya sa duk kayan ƙarin da aka nuna min, tambaya biyu nake yi kafin in duba kyansa: kilo nawa zai ɗora min a rufi, minti nawa kuma zai ci min safe da yamma? A hoton talla za ka ga mota an yi mata lodi har wuya, rumfa ta zagaye ta, fitilu na walƙiya. Ba mai nuna maka mai motar da safe yana haki yana naɗe su ɗaya bayan ɗaya.

Nawa tantin irin mai ninkewa biyu ne, jikinsa tamfol, daɓensa alminiyom, rabinsa na fitowa gefen mota ya tsaya a kan tsani. Nauyinsa kilo 54. Mu uku ke kwana a ciki, ni da maiɗakina da ƙaramar 'yarmu. Wanda nasa mai murfi mai tauri ne, irin mai ɗagawa sama da kansa, wasu maganganun ba su shafe shi ba, amma yawancinsu duk jirgi ɗaya ya kwaso mu.

Akwai lissafin da ya kamata a yi kafin a sayi ko allura. A littafin kowace mota an rubuta iyakar nauyin da rufinta zai ɗauka tana tafiya. Motoci da yawa tsakanin kilo 75 ne da 100, wasu ƙanana ba su wuce 50 ba, kuma adadin ya haɗa har da ƙarafan kariya, waɗanda ake kafawa a rufi a ɗora kaya a kansu. Mutane kan yi mamaki su ce, in kilo 75 ne, yaya mutum biyu za su kwana a sama? Ai iyakar ta mota mai gudu ce, wadda ke taka birki, tana shan kwana, tana faɗawa ramuka, inda kowane kilo ke jijjiga rufin da ƙarfin da ya fi nauyinsa. Mota a tsaye tana ɗaukar ninkin wannan, ga tsani kuma yana tallafe da rabin daɓen. Hatsarin a kan hanya yake.

Tawa motar kilo 100 aka rubuta. Cire 54 na tanti, cire 7 na ƙarafa, saura 39, sai ka ga kamar da sauran wuri. To amma masu ƙera kariya irin su Rhino-Rack na Ostireliya suna cewa in an sauka daga kwalta an hau hanyar gargada, a rage kashi ɗaya cikin uku. Ɗari ta koma 66 ke nan, kuma wanda ya sayi wannan tanti ai don ya sauka daga kwalta ya saye shi. Da wannan lissafin kilo 5 kacal suka rage min, na bargo da matasai. Saboda haka duk abin da ba na kwanciya ba ne, cikin mota yake zama, a ƙasa, tsakanin tayoyin gaba da na baya. Ruwa lita 20 kilo 20 ne cif, ban da nauyin jarkar. In na ga an ɗaure jarkoki biyu a gefen tanti a saman doguwar mota, tazara nake ba ta, musamman a kwana.

Abin da ya fi komai cin kuɗinsa a wurina, ba wanda zai gan shi in ya leƙo: tabarmar hana raɓa da ake shimfiɗawa ƙarƙashin katifa. Wata raga ce ta murɗaɗɗen zaren roba mai tauri, kaurinta kamar santimita ɗaya, in ka danna ta da yatsa ta ɗan lotsa ta dawo. Mutum yana barci yana fitar da tururi ta numfashi da gumi, jikinsa na ɗumama katifa ta sama, shi kuwa daɓen alminiyom iska na kaɗa shi ta ƙasa duk dare, ya yi sanyi ƙalau. Inda ɗumi mai laima ya gamu da ƙarfe mai sanyi, nan ruwa ke taruwa. Ɗaga katifa da safe ka shafa daɓen da tafin hannu, sharkaf za ka ɗago shi, ko da sama ba ta zubo ɗigo ɗaya ba. Da yawa sukan zaci tantin ne ke yoyo, alhali numfashinsu ne ya dawo musu. In aka ninke tanti a haka aka bar shi kwana da kwanaki cikin rana, fumfuna ce za ta kama ƙasan katifar, baƙi ɗigo-ɗigo, da wani wari da wanki ba ya fitarwa.

Duk da abin da ake rubutawa a kwalinta, tabarmar ba ta hana ruwan taruwa gaba ɗaya. Aikinta ta ɗaga katifa daga daɓe, iska ta ratsa, ruwan ya tsaya a ƙasa ya bushe soso bai tsotse shi ba. Thule da wasu manyan kamfanoni suna sayar da tasu daidai girman tantunansu, wasu tantunan ma da ita suke zuwa, don haka a ɗaga katifa a duba kafin a saya. Akwai kuma wadda ake sayarwa da awo, ta ƙarƙashin katifun jiragen ruwa da motocin kwana, ka yanka da almakashi daidai daɓenka. Irinta ce tawa, gida biyu na yanka ta don ta bi ninkin tantin, kuma ba ta ba ni kunya ba. Sai dai ita kaɗai ba ta isa. Dole a bar tagogi biyu masu kallon juna a ɗan buɗe ta sama ko da sanyi ake, da safe kuma a jingine katifa ta sha iska, a goge daɓe da bango da ɗan tawul. Wannan tawul ɗin ya fi wasu manyan kayan yi min aiki.

Ita kanta katifar da ke zuwa da yawancin tantunan nan soso ne mai kaurin santimita 6 ko kusa da haka. Mai kwanciya rigingine zai iya haƙuri da ita. Mai kwanciya ta gefe irina, kafin tsakar dare ƙugu da kafaɗa sun sanar da shi akwai ƙarfe a ƙasa. Abin da ke fara zuwa wa mutum shi ne ya ƙara wani soso a kai, amma nan tantin ke gwada nasa ikon. In kauri ya yi yawa ba zai rufu ba, ko ya rufu da ƙyar, kana danne shi da gwiwa kana jan zif har haƙoransa su fara rabuwa. A tanti mai ninkewa biyu, duk santimita ɗaya da ka ƙara biyu zai zama. Wadda ta raba ni da ciwon ƙugu ita ce katifa mai shan iska da kanta, soso ne a cikinta, ka buɗe bawul ta kumbura, ka ƙarasa ta da famfo. Exped MegaMat ta yi suna a wannan fanni, kaurinta santimita 10 in ta cika. Tawa ba ta wannan kamfanin ba ce, amma ƙirar ɗaya ce, in an sace iskar sai ta lafe, tanti ya rufu a kanta ba gardama. A ma'aunin minti ta faɗi warwas, don fitar da iskar na cin minti huɗu ko biyar kowace safiya, kana birgima a kanta. Na yafe mata, tunda barcin ne aka hau saman dominsa. Ɗan famfo mai caji wanda bai kai dunƙulen hannu ba, mai hurawa da zuƙewa, ya rage wahalar sosai, sai dai ƙararsa na tada maƙwabta. A auna cikin tantin da tef kafin a saya, a kuma tuna sandunan da ke riƙe tamfol suna cin wuri a gefe.

Sai zancen daidaita mota. A tantin ƙasa in wuri ya karkata, ja za ka yi taku biyar a wuce wurin. A nan motar ce gadon. Karkatar da ido bai gani ba da rana, jiki zai ji ta da dare, ku gangaro ku taru a bango ɗaya, ko kai ya kwana ƙasa da ƙafa a tashi da nauyin kai. Ana sayar da tudun roba mai hawa uku, a sa gaban taya a hau a hankali. Ina da guda biyu, rawaya, suna aiki lafiya lau a ƙasa mai tauri. A yashi nutsewa suke yi, a kan tsakuwa kuma da taya ta taɓa su sai su zame gaba. Guntayen katako huɗu, kaurin kowanne santimita 5, tsawonsa ya ɗan fi faɗin taya, suna yin wannan aikin, su kuma zama matashin jek ranar da taya ta yi faci, ko matakin ƙafar tsani a ƙasa mai laushi. Da ɗaya za a ce in zaɓa, katakon zan ɗauka. Masu allunan fitar da mota daga yashi irin MAXTRAX sukan jera su su hau, shi ma ya yi ga wanda dama yana da su.

Abin da ke sa aikin ya yi sauri shi ne ɗan ma'aunin magina mai kumfar iska a ciki, irin zagayayyen nan da ke nuna gaba da gefe lokaci guda. Na manna nawa kusa da giya, bayan na daidaita shi da daɓen tantin a kan shafaffen siminti. Ina zaune a kujera nake ganin inda kumfar ta gudu. Inda ta nufa nan ne tudu, ɗaya ɓangaren za a ɗaga. Maiɗakina ta sauka ta tura katako gaban tayar, ta ce, "Maigida, ƙara kaɗan... tsaya haka," in ja birkin hannu, in sa giya, a tokare taya ɗaya da dutse. Akwai manhajar waya mai wannan aikin, amma sai ka lalubo ta, sannan ka nemi inda za ka ɗora wayar. In daidaito ya gagara, a bar wajen kai ya ɗan fi tsayi. A kuma gama duk wannan kafin a buɗe tanti, don motsa mota tsani na ƙasa lanƙwasa shi zai yi.

Shi tsanin, a irin tantina, ginshiƙi ne kafin ya zama matakala. In ya miƙe tsaye da yawa hawa zai yi wuya, in ya kwanta da yawa daɓen ya sunkuya, nauyin ya koma kan mahaɗin ninkin. Abin dubawa shi ne ɓangarorin daɓen biyu su zama layi ɗaya, kowane makullin tsanin kuma ya ce ƙas kafin a taka. Nawa mai zugewa ne, ya kai kamar mita 2.3, wanda motarsa ta yi tsayi sosai ya nemi ƙarin tsani ko dogo tun farko, kada ya dogara da duwatsu. Yashi ne babban abokin gabarsa, yana shiga gaɓoɓin ya hana su zugewa. Goge shi da busasshen tsumma ya isa, mai kuwa ƙura kawai zai ƙara kamawa.

Matakan sirara ne, suna cin tafin ƙafa in ba takalmi. Na gwada rigunan mataki masu soso da ake naɗa wa kowanne. Da daɗin takawa, amma suna hana tsanin komawa ciki sai an cire su, in ruwa ya jiƙa su kuma santsi suke yi. Silifas ya fi su. Wanda ya burge ni shi ne wani yadi mai ƙarfi da ake shimfiɗawa a kan tsanin ya rufe ramukan da ke tsakanin matakai, irin wanda kamfanin iKamper ke kira HC Steps. Masu yara da masu kare suna yabonsa, kuma da gaskiyarsu. Da can 'yarmu a ƙasa take tsayawa ta ɗaga hannu ta ce, "Baba, ɗauke ni," in hau da ita a kafaɗa da hannu ɗaya, abin da ba na so ko kaɗan. Yanzu da kanta take hawa, ina bayanta.

Jakar takalma ba ta bukatar dogon bayani, a saya kawai. Ana zura ta cikin kwararon alminiyom da ke bakin daɓe ta rataye kusa da tsani. Takalmi bai shiga da ƙasa cikin shimfiɗa ba, bai kuma kwana a ƙasa kunama ta samu masauki ba. A zaɓi mai murfi a sama da raga a gindi don ruwa ya tsiyaye. Fitila kuwa, siririn layin LED mai jona USB, wanda ake iya rage haskensa, ya wadatar. Mai haske ruwan ɗorawa ya fi fari fat, don farin ya fi tara ƙwari, kuma yana zana inuwar duk abin da kake yi a jikin tamfol, 'yan zango su sha kallo. Ga hawa da sauka, tocilar goshi, saboda tsani hannu biyu yake so. Akwai kuma wani abu da ba a sa shi a hoton talla: kwalba mai faɗin baki da murfi mai kyau, ta uzurin dare. Wanda ya taɓa saukowa jiƙaƙƙen tsani da ƙarfe ukun dare, barci a idonsa, ya san darajarta. Launinta dai ya bambanta da na gorar ruwan sha.

Lokacin zafi ƙaramar fanka mai caji da ƙugiyar ratayewa tana yin abin da ya fi girmanta, wutar da take ci kaɗan ce, kuma iskar da take juyawa na rage raɓa. Sanyi ne ya fi bukatar a yi magana da babbar murya. Kada a kunna risho, ko hitar gas, ko gawayi a cikin tanti, komai tsananin sanyin. Iskar kabon monoksaid ba ta da launi, ba ta da wari, tana kama jini fiye da yadda iskar oksijin ke kama shi sau sama da 200, mai barci kuma ba ya jin shigarta. Barin injin mota yana aiki a ƙarƙashin masu barci shi ma haka. Hitar dizal da ake ajiyewa a ƙasa a jawo bututun iska mai ɗumi zuwa sama ta fi aminci, don hayaƙinta daban yake fita, da sharaɗin salansarta ta kalli inda iska ke tafiya, nesa da tanti, a kuma rataye na'urar gargaɗin wannan iska a ciki. Ni ban ga bukatarta ba. Buhun barci mai kyau, hula, da robar ruwan zafi a wajen ƙafa sun ishe mu, ba mai, ba ƙara, ba waya. Mai kwana inda ƙanƙara ke sauka, nasa lissafin daban.

Wanda ya fi zame min kaya shi ne ɗakin ƙasa, wanda ake zuge shi a jikin daɓen ya sauko har ƙasa ya rufe tsani. A hoto ba abin da ya kai shi kyau, ga wurin sauya kaya, ga wurin zama in ana ruwa. A fili kuwa jaka ce ƙatuwa mai kusan kilo 10, sai ka zura shi cikin kwararo kana miƙa wuya, ka ja dogon zif, ka kafa turaku zagaye, minti ashirin sun tafi. An ɗinka shi ne don wani tsayi, in motarka ta gaza sai bangon ya taru a ƙasa yana tara ruwa, in ta fi sai ya rataye iska na shiga ta ƙasa. Da safe gindinsa duk taɓo, haka za ka cusa shi cikin mota. In kuma aka ce an manta wani abu sai an je an sayo, to duk ginin nan sai an rushe shi kafin mota ta motsa. Kamar wanda ya sayi doki don gudu ne, ya ɗaura masa turmi a wuya. Ba na cewa ba shi da mai shi. Iyalin da za su kafe wuri ɗaya kwana uku ko huɗu da yara, ana ruwa, za su gode masa. Mai tashi kullum ya sayi ɗan tantin wanka mai buɗewa da kansa, kilo 2 ko 3, ya tsaya shi kaɗai a gefe, har ya riƙe maka wuri in ka fita da mota.

A kan rumfa ne ma'aunaina biyu suka yi karo. Irin mai zagaye gefe da bayan mota, da ake kira mai digiri 270, tana buɗewa cikin minti ɗaya, inuwarta kuma ba a magana. Kamfanonin Afirka ta Kudu irin su Alu-Cab da Eezi-Awn sun ƙware a kanta. Amma irin waɗannan rumfuna sukan kai kilo 20 zuwa 30, a sama, a gefe ɗaya. Lissafina bai ɗauke ta ba. Mai a-kori-kura da ya kafa ƙarafa a kan bodi yana da wannan sararin, ni ba ni da shi. Tamfol mara nauyi mai mita 3 kowane gefe nake ɗaurawa a jikin kariya, da sanduna biyu da igiyoyi. Yana cin minti, na yarda, amma cikin mota yake kwana, kuma in zan fita sai in kwance ƙulli biyu. Kowace iri mutum ya zaɓa, ya kafa mata turaku ko da iska ba ta motsi, don guguwa ɗaya ta isa ta juya hannayen rumfa ta maka su a jikin mota. In ana ruwa a sauke kusurwa ɗaya, kada ya taru a tsakiya.

Firji da batir ba kayan tanti ba ne, amma tare ake tallarsu. Mai kwana ɗaya ko biyu, kula mai kyau da ƙanƙara ta ishe shi. Mai doguwar tafiya ya nemi firji mai kwamfuresa na wutar mota. Ya guji irin mai fanka kawai, wanda iyakarsa ya sauko da digiri 15 zuwa 20 ƙasa da zafin waje, yana ta shan wuta ba hutu. Firjina mai lita 40 ne, batir mai wat-awa 500 yana riƙe shi kamar yini da kwana in ana zafi, har da cajin waya da fanka. Batirin lithiyom irin LiFePO4 ya fi jure caji da saukewa, yana yin haka sau dubbai. Kada a bar firji ya kwana a kan batirin tada mota sai in yana yanke kansa in wuta ta yi ƙasa. Sola kuwa, wanda ke tuƙi kullum motarsa na yi masa caji. Mai zama wuri ɗaya ya ɗauki mai ninkewa da doguwar waya, mota a inuwa, faifan a rana.

Iska ta fi damun mai kwana a sama. Rigar ruwan da ke saman tanti ita ce mai kaɗawa fat-fat duk dare. Igiyoyin roba masu ƙugiya guda huɗu suna ɗaure bakinta, in kuwa ba alamar hadari cire ta nake yi gaba ɗaya. Abin toshe kunne na soso ya ƙarasa sauran.

A aljihun ƙofar direba akwai sifana mai lamba 13, irin mai juyawa ba a cire ta ba, don notocin da ke riƙe tantuna da yawa wannan ne girmansu, wurin kuma matsattse ne tsakanin rufi da daɓe. Gargada na sassauta noti, shi ya sa duk ranar da muka sha ta sai na bi su ɗaya-ɗaya, har da na ƙafafun kariya. Notoci masu roba a ciki sun fi riƙewa. Biyu daga ciki na musanya su da na hana sata, masu bukatar makullinsu na daban. Ba za su hana ƙwararren ɓarawo ba, amma mai sifana a aljihu zai wuce gaba. Tare da sifanar akwai guntun kyandir da tsohon buroshin haƙori, na zif ɗin murfin waje, wanda ya fi kowane sashe shan ƙura da rana. A goge haƙoransa, a shafa kyandir, ya riƙa tafiya sumul. Sai tef na facin tamfol da sandar taga guda ɗaya ta ajiya, don ita ce ke saurin ɓata cikin ciyawa.

Tanti a saman mota yana ƙara shan mai ko ba kowa a cikinsa, saboda iskar da yake tarewa, don haka in za a daɗe ba a fita ba gara a sauke shi. Kilo 54 a sama da kai ba aikin mutum ɗaya ba ne. Mai gareji mai tsayi, na'urar igiyoyi da ake kafawa a sili ta ɗage tantin ta rataye shi tana da amfani, muddin an kafa ta a jikin katako ko ƙarfen da ke ɗauke da rufin. Wanda ba shi da gareji sai ya nemi mutum biyu masu ƙarfi.

Na ƙarshe ba a sayar da shi ko'ina. Na auna motar da tef daga ƙasa zuwa ƙololuwar murfin tanti, ta ba ni mita 2.28, na rubuta da manyan lambobi a ɗan farin tef na manna a saman gilashin gaba, daidai idon direba. Wuraren ajiye mota na cikin gini da yawa ƙofarsu ba ta wuce mita 2 zuwa 2.1 ba, mutum kuma in ya yi sati yana tuƙi mantawa yake akwai ɗaki a kansa. In an canza tayoyi ko an ɗaga mota, a sake aunawa.